Jami'o'in da Suka Yi Zamani a Ƙwallon Amurka

A Amurka babu wasan da ke tara jama'a a ranakun Asabar, daga Satumba zuwa farkon Disamba, kamar ƙwallon da ɗaliban jami'o'i ke bugawa. Wasa ne ɗan'uwan zari-ruga: da hannu ake ɗaukar ƙwallon a ruga da ita, ko a wurga wa abokin wasa. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili mai tsawon yadi 100. Mai riƙe da ƙwallo ana ba shi dama 4 ya matsa gaba yadi 10. In ya cika a sabunta masa, in ya gaza ƙwallo ta koma hannun abokin hamayya. Wanda ya ƙetara layin ƙarshe da ƙwallo a hannu ya sami maki 6, daga nan sai ya zaɓa, ko ya buga ta tsakanin sanduna ya ƙara maki 1, ko ya sake gwada ƙetara layin daga kusa ya ƙara 2. Filin wasan Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 107,000. A jihohi irin su Alabama da Nebraska da Oklahoma, inda babu babbar ƙungiyar ƙwararru ta wannan wasa, ƙungiyar jami'a ita ce abin tinƙahon jiha baki ɗaya.

Muhawarar da masoya wasan ba sa gajiya da ita ita ce wace jami'a ta fi ƙarfi a kowane zango na shekara goma. Tsarin gasar ne ya sa amsar ta yi wuya. Jami'o'in da ke ajin farko sun haura 130 a yau, kowacce kuma wasa 12 ko makamancin haka take yi a shekara, mafi yawa da 'yan rukuninta. An yi fiye da shekara 100 babu wasan ƙarshe da zai fitar da gwani. A 1936 kamfanin dillancin labarai na AP ya fara tattara ƙuri'un marubuta wasanni, a 1950 kuma aka ƙaro ƙuri'ar masu horarwa, wadda kamfanin UPI ya daɗe yana wallafawa. Duk wadda ta zo ta ɗaya a ƙuri'ar ƙarshe ita ce zakara. Kamar a naɗa sarkin kokawa ne da ra'ayin 'yan kallo, alhali ƙarfafan biyu ba su taɓa kama juna ba. Sau da yawa ƙuri'un biyu kan saɓa, a wayi gari da zakaru biyu a shekara ɗaya. Kambunan da suka gabaci 1936 kuwa, da yawansu masu lissafi ne suka waiwaya baya suka raba su. Saboda haka ƙirga kambu kaɗai bai wadatar ba. Dole a haɗa da yawan nasara a tsawon zangon, da ƙarfin waɗanda aka doke, da abin da ya faru ranar da manya suka haɗu gaba da gaba.

An yi wasan farko tsakanin jami'o'i ranar 6 ga Nuwamba, 1869, inda Rutgers ta doke Princeton da ci 6 da 4. Daga nan zuwa ƙarshen ƙarni na 19 tsofaffin jami'o'in arewa maso gabas ne suka ci karensu babu babbaka, Yale a gaba, Princeton na biye. Daga Yale aka sami Walter Camp, wanda ya tsara yawancin dokokin da suka bambanta wasan da zari-ruga. A 1888 ƙungiyar da ya horar ta yi wasa 13 ta cinye duka, ta tara kusan maki 700, ba a ci ta ko ɗaya ba.

A shekarun 1900 sunan da ya fi amo shi ne Michigan. Koci Fielding Yost ya kama aiki a 1901, a shekarar ta ci maki 550 ba a rama ko ɗaya ba, ta kuma lallasa Stanford 49 da nema a wasan Rose Bowl na farko, wato wasan ƙarshen kaka da ake yi a sabuwar shekara, ranar 1 ga Janairu, 1902. Daga 1901 zuwa 1905 ta yi wasa 57, ta ci 55, ta yi canjaras 1, sai Chicago da ta kayar da ita 2 da nema a wasan ƙarshe na 1905. Sai dai a duk tsawon wannan tashe ba ta kara da Yale ko Harvard ko Princeton ba, kuma da ta haɗu da Pennsylvania daga 1906 sai ta sha kashi shekara uku a jere. Yale kuwa ta buɗe zangon da cinye wasanninta duka a 1900, ta rufe shi a 1909 da wasa 10 da ba a ci ta ko maki ɗaya ba. In an auna shekarun goman gaba ɗaya, Yale ce ta ɗaya. A tsakiyar zangon ne wasan ya kusa mutuwa: a 1905 aƙalla 'yan wasa 18 suka rasa rayukansu, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i fadarsa. A 1906 aka halatta wurga ƙwallo gaba don a rage turmutsutsu, aka kuma kafa hukumar da daga baya ta zama NCAA.

Shekarun 1910 na Harvard ne, ƙarƙashin Percy Haughton, wadda ake lasafta wa kambun 1910 da 1912 da 1913, sannan ta ƙara na 1919 bayan tafiyarsa. Pittsburgh ta Pop Warner, wadda ba ta yi rashin nasara ba a 1915 da 1916 da 1917, ita ce ta biyu. Wannan shi ne zango na ƙarshe da tsofaffin jami'o'in gabas suka riƙe.

Daga nan sai wata ƙaramar jami'ar Katolika da ke kusa da garin South Bend a jihar Indiana ta sha gaban kowa. Notre Dame ta fara jan hankali tun 1913, ranar da ta je makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point ta doke ta 35 da 13 da wurga ƙwallo, salon da manya ke rainawa a lokacin. Ɗaya daga masu cafe ƙwallon a ranar, Knute Rockne, haifaffen ƙasar Norway, shi ya zama kocinta a 1918. Manyan jami'o'in yankin sun ƙi karɓar ta cikin rukuninsu, sai ta hau jirgin ƙasa tana neman abokan karawa daga New York har Kalifoniya. Ƙin da aka yi mata ya zame mata alheri, domin baƙin haure da 'ya'yansu mabiya Katolika, 'yan asalin Ireland da Italiya da Poland, waɗanda da yawansu ba su taɓa taka harabar jami'a ba, suka ɗauke ta tasu. A shekara 13 Rockne ya ci wasa 105, aka doke shi sau 12, aka yi canjaras 5, ya ɗauki kambun 1924 da 1929 da 1930. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a jihar Kansas cikin Maris 1931, yana da shekara 43. Jami'ar Kalifoniya, wadda ta yi kaka biyar daga 1920 zuwa 1924 ba a kayar da ita ba, ita ce ke biye. A zangon ne kuma kudu ta fara ɗaga kai, lokacin da Alabama ta doke Washington 20 da 19 a Rose Bowl na 1926.

Shekarun 1930 ba su da dogon musu. Minnesota ta Bernie Bierman, mai 'yan wasa ƙarti masu ture duk abin da ya tare su, ta ɗauki kambun 1934 da 1935, sannan ta zama zakarar farko ta ƙuri'ar AP a 1936. Ta ƙara biyu a 1940 da 1941. Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wadda aka fi sani da USC, da Pittsburgh da Alabama sun yi rawar gani, amma babu wadda ta jera uku.

Yaƙin Duniya na Biyu ya hautsina lissafi. Jami'o'i da dama sun rasa 'yan wasansu zuwa fagen daga, makarantar West Point kuwa ta cika da zaratan samari. Ƙarƙashin Earl Blaik ta ɗauki kambun 1944 da 1945, ta ragargaji Notre Dame 59 da nema, sannan 48 da nema, da taurarinta biyu Doc Blanchard da Glenn Davis. Da yaƙi ya ƙare, kocin Notre Dame Frank Leahy ya dawo daga aikin sojan ruwa, tsofaffin sojoji kuma suka koma aji, magidanta da suka ga jiya suka ga yau. Ranar 9 ga Nuwamba, 1946, ɓangarorin biyu suka haɗu a filin Yankee na New York. Sau ɗaya Blanchard ya kufce ya nufi layin ƙarshe, saura mutum ɗaya a gabansa, Johnny Lujack, wanda ya duƙa ya kama ƙafafunsa ya kayar da shi. Aka tashi babu ci. Daga 1946 zuwa 1949 Notre Dame ta ci wasa 36, ta yi canjaras 2, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Da kambun 1943 da 1946 da 1947 da 1949, zangon nata ne, sojoji na biye.

Wanda ya gaji sarautar ɗalibin Bierman ne. Bud Wilkinson ya buga wa Minnesota a shekarunta uku na kambu, ya zama kocin Oklahoma a 1947 yana ɗan shekara 31. Ƙungiyarsa ta dogara ga sauri, tana jera hare-hare kafin abokan hamayya su gama shiri. Ta ɗauki kambun 1950 da 1955 da 1956, ta kuma kafa tarihin da har yanzu babu babbar jami'ar da ta kamo: nasara 47 a jere, daga Oktoban 1953 zuwa Nuwamban 1957. Notre Dame ce ta ƙarshe da ta doke ta kafin a fara ƙirgar, ita ce kuma ta je har gidanta a garin Norman ta tsinka igiyar da ci 7 da nema. Masu suka suna cewa rukunin Oklahoma na lokacin ba shi da ƙarfi, kuma akwai gaskiya a ciki, domin Wilkinson bai sha kashi a hannun ɗan rukuninsa ba sai a 1959. Amma ta riƙa doke Texas kusan kowace shekara, ta kuma kayar da Maryland sau biyu a wasan ƙarshen kaka na Orange Bowl. Babu zangon da hukuncinsa ya fi wannan sauƙi.

Shekarun 1960 na Alabama ne, da kocinta Paul Bryant, wanda ake wa laƙabi da Bear. A 1958 ya dawo jami'ar da ya yi karatu ya tarar da ita a ƙasa. A 1961 ta cinye wasa 11, maki 25 kacal aka ci ta. Ta ƙara kambun 1964 da 1965. Labarin waɗannan shekaru ya nuna raunin tsarin ƙuri'a ƙarara. A 1964 an naɗa Alabama tun kafin wasannin sabuwar shekara, sai Texas ta doke ta a Orange Bowl, ga Arkansas kuma da ba a kayar da ita ba ta tashi ba kambun AP. A 1966 abin ya juya: Alabama ta cinye wasanninta 11, amma aka ajiye ta ta uku, bayan Notre Dame da Michigan State waɗanda suka yi kunnen doki 10 da 10. USC mai kambun 1962 da 1967, da Texas mai na 1963 da 1969, su ne ke biye da ita.

Akwai tabon da ya shafi duk wannan lissafi tun daga farkonsa. Har zuwa shekarun 1960 manyan jami'o'in kudu ba sa ɗaukar baƙar fata. A ƙofar Jami'ar Alabama ne gwamna George Wallace ya tsaya a 1963 don hana ɗalibai baƙaƙe biyu shiga. Haziƙan yaran kudu sai dai su tafi arewa, kamar Bubba Smith ɗan Texas da ya buga wa Michigan State, ko su shiga kwalejojin baƙar fata irin su Grambling a Louisiana, inda Eddie Robinson ya yi koci daga 1941 zuwa 1997 ya ci wasa 408. Waɗannan kwalejoji ba sa cikin ƙuri'ar manya, ba a kuma yarda a kara da su. Duk zakaran kudu na wancan lokaci ya yi nasara ne a filin da aka hana wasu gwanaye shiga, kuma adalci ne a riƙa tuna haka. Texas ta 1969 ita ce ƙungiya ta ƙarshe da ta ɗauki kambun AP babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta. A Satumban 1970 USC ta je Birmingham ta doke Alabama 42 da 21, wani baƙin matashi mai suna Sam Cunningham yana keta 'yan bayanta yadda ya ga dama. A 1971 John Mitchell ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa Alabama wasa.

Shekarun 1970 su ne mafi cunkoso. Nebraska ta Bob Devaney ta ɗauki 1970 da 1971, kuma ƙungiyarta ta 1971 ta doke duka ukun da suka biyo ta a ƙuri'ar ƙarshe, wato Oklahoma da Colorado da Alabama. USC tana da 1972 sukutum, da rabin 1974 da na 1978. Notre Dame tana da 1973 da 1977. Amma takarar gaske tsakanin Alabama da Oklahoma take, dukansu masu salon gudu da ƙwallo a ƙasa wanda Texas ta ƙirƙiro a 1968. Alabama ta ci wasa 103 a zangon, ta lashe rukuninta sau 8, tana kuma ƙirga kambu uku. Sai dai na 1973 masu horarwa ne suka ba ta kafin Notre Dame ta doke ta 24 da 23, na 1978 kuma ta raba shi da USC wadda ta kayar da ita a Birmingham a shekarar. Na 1979 ne babu ƙura a kansa. Ta kuma sha kashi a wasan ƙarshen kaka shekara huɗu a jere a farkon zangon. Oklahoma ta ci wasa 102 da ƙarancin rashin nasara, ta ɗauki 1974 da 1975 ƙarƙashin Barry Switzer, kuma daga 1971 zuwa 1979 ba ta taɓa gama kaka a wajen goman farko ba. Ita ma tana da nata tabon, domin NCAA ta sa mata takunkumi a 1973 da 1974 saboda karya doka. A ma'aunin abin da aka gani a fili, Oklahoma ta ɗara kaɗan.

A ƙarshen shekarun 1970 Jami'ar Miami tana tunanin ko ta rufe ƙungiyarta gaba ɗaya, don ba nasara ba 'yan kallo. Howard Schnellenberger, wanda ya zo a 1979, ya lura cewa unguwannin kudancin Florida cike suke da yara masu gudun tsiya waɗanda wasu jami'o'i ke kwashewa, sai ya mayar da hankali wajen riƙe su a gida. Ya kuma kawo salon wurga ƙwallo irin na ƙwararru. Ranar 2 ga Janairu, 1984, Miami ta haɗu da Nebraska a Orange Bowl. Nebraska ita ce ta ɗaya tun farkon kaka, ba a doke ta ba. Saura daƙiƙa 48 a tashi ta ƙetara layi, ci ya koma 31 da 30, Miami a gaba. A lokacin babu ƙarin lokaci. Da koci Tom Osborne ya buga tsakanin sanduna an tashi canjaras, kuma kusan tabbas da an ba shi kambu. Ya zaɓi neman maki 2. Turner Gill ya wurga ƙwallo dama, ɗan bayan Miami Ken Calhoun ya miƙa hannu ya taɓa ta da yatsu, ta faɗi ƙasa. Osborne ya rasa kambu, Miami ta ɗauka, amma ya sami girmamawar da ta bi shi har ya ajiye aiki.

Miami ta ƙara 1987 da Jimmy Johnson, da 1989 da Dennis Erickson: kambu uku, koci uku, abin da ya nuna ƙarfin yana cikin 'yan wasan yankin ne. Ta kuma kusa ƙara biyu, domin Penn State ta tsere mata 14 da 10 a wasan da ya yanke kambun 1986, Notre Dame kuma 31 da 30 a 1988. Daga 1985 zuwa 1994 ta ci wasa 58 a jere a gidanta. Mutane da yawa sun ƙi jininta saboda fariya da tsokanar 'yan wasanta, amma ba a ja da ƙarfinta. Penn State mai kambun 1982 da 1986 ita ce ta biyu. Nebraska ta fi kowace babbar jami'a yawan nasara a zangon, ta fita ba kambu ko ɗaya. A 1984 ne kuma Kotun Ƙolin Amurka ta karɓe ikon cinikin talabijin daga hannun NCAA, hukuncin da ya buɗe ƙofar kuɗin da ke juya wasan har yau.

Haƙurin Osborne ya biya a shekarun 1990. Nebraska jiha ce ta manoma wadda mutanenta ba su kai miliyan biyu ba a lokacin, don haka jami'ar ta dogara ga ɗaga ƙarfe da renon yaran karkara da ke zuwa gwaji ba tare da tallafin karatu ba, tana haɗa su da masu sauri daga wasu jihohi. Daga 1993 zuwa 1997 ta ci wasa 60, aka doke ta sau 3, ta ɗauki 1994 da 1995 da rabin 1997. Ƙungiyar 1995 babu wanda ya matso ta da ƙasa da maki 14, ta kuma rufe kaka da yi wa Florida dukan kawo wuƙa, 62 da 24. Abokiyar takararta Florida State ta Bobby Bowden ta ci wasa 109 a zangon, ta ɗauki 1993 da 1999, ta doke Nebraska 18 da 16 a haɗuwarsu ta neman kambu, sannan ta gama cikin biyar na farko shekara 14 a jere daga 1987 zuwa 2000. Wajen ɗorewa Florida State ba ta da na biyu. Amma uku sun fi biyu, kuma ba ta taɓa kai matsayin Nebraska ta 1995 ba.

Raba kambu a 1990 da 1991 da 1997 ya gundiri jama'a, sai aka kafa tsarin BCS a 1998, wanda ke haɗa ƙuri'u da lissafin kwamfuta ya zaɓi biyu su yi wasan ƙarshe. Bai kashe gardama ba, domin a 2003 jami'ar LSU ta ɗauki kofin BCS, AP kuma ta naɗa USC. Zangon 2000 ya rarrabu: Oklahoma da Miami da Ohio State da Texas da Alabama ɗai-ɗai, LSU da Florida bibbiyu. A fili dai USC ta Pete Carroll ce ta fi tsoratarwa. Ta gama cikin huɗun farko shekara 7 a jere daga 2002 zuwa 2008, ta casa Oklahoma 55 da 19 a wasan ƙarshe na kakar 2004, ta jera nasara 34 kafin Vince Young na Texas ya ruga ya ƙetara layi saura daƙiƙa 19 a Rose Bowl na Janairun 2006, aka tashi 41 da 38. A 2010 NCAA ta hukunta ta saboda amfanin da tauraronta Reggie Bush da iyalinsa suka samu daga masu neman zama dillalansa, aka soke wasu nasarorinta, BCS ta janye kofin 2004, AP kuwa ta bar nata. Mai bin takarda zai ba Florida ta Urban Meyer, mai 2006 da 2008. Mai bin abin da ido ya gani zai ba USC. Ya kamata a ambaci Boise State, ƙaramar jami'a a Idaho da ta ci wasa 112 a zangon, ta kayar da Oklahoma 43 da 42 a Janairun 2007, amma tsarin bai taɓa ba ta damar neman kambu ba.

Daga 2006 zuwa 2012 rukunin kudu maso gabas, wato SEC, ya ɗauki kofi 7 a jere, alamar cewa ƙarfi ya tare a kudu, inda yawan jama'a ya ƙaru kuma ƙofofin da aka rufe wa baƙar fata suka buɗe. Wanda ya fi cin moriyar haka shi ne Nick Saban, da ya kama Alabama a 2007. Kusan kowace shekara shi ke kwashe fitattun yaran sakandare, kuma da wasan ya karkata ga wurga ƙwallo ya sauya salonsa ba tare da girman kai ba. Bayan 2009, ya ɗauki 2011 da 2012 da 2015 da 2017. Da aka fara gasar sili-ɗaya-ƙwale ta jami'o'i 4 a 2014, Alabama ta shiga biyar na farko duka. Wannan ya sa sarautarta ta fi ta magabata nauyi, domin a fili ta karɓi kambunanta. Clemson ta Dabo Swinney ce kaɗai ta tsaya mata ƙafa da ƙafa: ta doke ta 35 da 31 saura daƙiƙa 1 a wasan ƙarshe na kakar 2016, ta sake lallasa ta 44 da 16 a na 2018. Clemson ce ta biyu, Ohio State ta uku.

Zangon da ake ciki ya zo da sauyin da ya girgiza tushen wasan. Tun Yulin 2021 ɗan wasa yana da 'yancin karɓar kuɗin talla da sunansa, yana kuma iya sauya jami'a ba tare da ya zauna shekara guda ba, abin da ya sa tara gwanaye a ajiye su a benci ya yi wuya. A 2024 Texas da Oklahoma suka koma SEC, USC da UCLA da Oregon da Washington suka koma rukunin Big Ten, aka kuma faɗaɗa gasar ƙarshe zuwa jami'o'i 12. Alabama ta ɗauki 2020, kambun Saban na 7 in an haɗa da wanda ya samu a LSU a 2003, sannan ya yi ritaya a Janairun 2024. Tsohon mataimakinsa Kirby Smart ya kai Georgia ga kambun 2021, na farko tun 1980, da na 2022 inda ta yi wa TCU 65 da 7, ta kuma jera nasara 29 kafin Alabama ta tsayar da ita a Disamban 2023. Michigan ta ɗauki 2023 da nasara 15 babu faɗuwa, Ohio State ta ɗauki 2024 bayan ta doke Notre Dame 34 da 23. A kakanni biyar na farkon zangon Georgia ce kaɗai ta ɗauki kambu biyu, kuma ita ce a gaba.